Tartsatsi Mai Walda Da Matarsa

Duk layin masu aikin ƙarfe babu mai kiransa da wani suna in ba Tartsatsi ba. Baƙo zai ɗauka saboda sana'a ne, tunda mai walda ne, daga safe har yamma wuta ke feshi a gabansa. 'Yan layin kuwa sun san saboda zuciya ne. Gajere ne kakkaura, bayan hannuwansa duk tabon ƙuna, kuma a samartakarsa in magana ta yi masa tsauri sai ka ji naushi kafin ka ji amsa. Ya taɓa zubar wa wani direban tipa haƙora don kawai ya taka masa wayar inji. Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ta gaji da zuwa ofishin 'yan sanda karɓo shi, har ta ce ranar da ya yi aure, matar za ta yi wa jaje, ba murna ba.

Matar da ya aura tela ce. Farkon ganinsa da ita, matakin keken ɗinkinta ne ya karye ta kawo ya liƙa mata. Ta tsaya a rana, ya ce ta shigo inuwa, ba sa cizo. Ta ce nan ma ya yi mata. Ya lura ta jingina bayanta da bango, idonta yana kan hannunsa, ba fuskarsa ba. Ya ɗauka kunya ce, abin ma sai ya burge shi. Daga nan ya shiga yaga aljihun wandonsa da gangan yana kai mata gyara, har wata rana ta ce, "Malam, wannan aljihun ƙarfe kake zubawa a ciki, ko kare ke bin ka?"

A hannun Inna take, ƙanwar mahaifiyarta. Ranar da ya je gaishe ta, tsohuwar ta dube shi ta ce, "Ka iya haƙuri?"

"Ina koyo, Inna."

"To ka ƙara sauri."

Suka kama ɗaki da falo a saman wani gidan haya mai cike da mutane. Ya yi musu ƙyauren ƙarfe da hannunsa, da sakata ciki da waje. Tela yake ce mata, ita kuma Maigida.

Ba su daɗe da tarewa ba abin ya faru. Da tsakar rana ya dawo gida don ya gyara musu fitilar falo, ya rataya naɗin wayar wuta a kafaɗa. Ya same ta ta ba ƙofa baya tana yanka yadi. Don wasa ya laɓaɓa ya dafa kafaɗarta. Ta waigo, idonta ya faɗa kan wayar. Bai ga lokacin da hannunta ya tashi ba, sai jin almakashi ya yi ya nutse masa a damtse. Jini ya yi tsartuwa har kan yadin mutane. Ta zare ta sake kai masa, ya kauce, tsinin ya yage masa riga daga ƙirji zuwa ciki. Hannunsa na dama ya dunƙule da kansa, ya ɗaga shi sama, jikinsa duk ya san abin da zai biyo baya.

Sai ya ga babu kowa a gabansa. Ta shige ƙarƙashin teburin yanka, ta dunƙule, ta rufe kanta da hannu biyu, tana magana da muryar da bai taɓa ji ba, muryar ƙaramar yarinya.

"Baffa, na tuba. Baffa, don Allah, ba zan ƙara ba."

Ya tsaya jini yana ɗiga daga gwiwar hannunsa zuwa siminti. Ya ce, "Tela, ni ne." Ba ta ji shi ba. Ya ɗaure hannun da ƙyallen yadi ya sauka ƙasa. Ya ce wa mai kemis rodi ne ya kama shi. Mai kemis ya dubi ramin ya ce rodin nan da alama baki biyu gare shi, ya ɗinke bai ƙara tambaya ba.

Yayarsa ba ta ɓoye ra'ayinta ba. "Ka mayar musu da abarsu. Yau hannu, gobe maƙogwaro. Sun san tana da taɓin hankali suka liƙa maka."

Maimakon haka sai ya je wurin Inna, ya ajiye mata hannun a gabanta, ya ce, "Wane ne Baffa?"

Inna ta yi kuka kafin ta yi magana. Ta ce Tela tana ƙarama mahaifinta ya rasu, uwar ta bi bayansa, sai ƙanen mahaifin ya ɗauke ta. Mutum ne mai kanti, mai fara'a a waje, wanda ake kira sasanta rigimar maƙwabta. A cikin gida kuwa da wayar wuta yake dukanta, ya ninka ta biyu, ya jiƙa. In ta fasa kofi, duka. In ba ta fasa komai ba, ya ce kallon raini ta yi masa. Yakan kulle ta a ɗakin ajiyar kaya ya sa sakata ta waje, ta wuni ta kwana ba ruwa. Ya taɓa danna kanta cikin durom har ta daina motsi, sannan ya fizgo ta. Tabon nan na cinyarta da ta ce masa ruwan zafi ne, dutsen guga ne. Haka ta tashi tun ba ta kai tsawon tebur ba har ta zama budurwa. Inna ta ce ita ma ba ta sani ba, sai ranar da ta je ba sanarwa ta ji ana kankarar ƙofa daga ciki.

"Na ɗauko ta da rigar jikinta. Na ɗauka in ta samu kwanciyar hankali zai wuce. Na so in faɗa maka, na ji tsoron ka gudu."

Tartsatsi ya tashi ya fita. Ya koma shago ya ɗauki guduma ya yi ta dukan wani tsohon ƙarfen mota har sai da ɗinkin hannunsa ya ɓalle. Da yamma ya hau sama da injin yanka ya datse sakatar waje daga ƙyaurensu, ya bar ta ciki kawai. Tela tana zaune a gefen gado, idonta ya kumbura, ta haɗa kayanta a jaka tana jiran a sallame ta. Ya ɗauki jakar ya zazzage kayan cikin kwaba, ya ce yunwa yake ji.

Daga nan ya shiga koyon zama da ita, kuma bai koya da sauƙi ba. Ya daina shigo da waya gidan, ko ta cajin rediyo sai ya naɗe ta a aljihu. Guga ya koma kai wa mai wanki. In zai hau bene sai ya fara tari tun daga ƙasa, ya buga ƙarfen matakala da makulli, har matan gidan suka riƙa tsokanarsa wai jirgin ƙasa ya iso. Bai ƙara zuwa mata ta baya ba. Akwai makonnin da komai ke tafiya lafiya, ta yi ɗinki, ta yi dariya, ta kwaikwayi tafiyar mai gidan haya har ya riƙe ciki. Sai kuma wani ƙaramin abu ya rushe komai: ƙarar bel ɗin wando da wani maƙwabci ya zare, ko ƙamshin wani irin turaren maza a jikin mai kawo ɗinki.

Wata rana ta yi kuskuren yanka hannun rigar wata mata ya gajarce. Matar ma ba ta zo ba tukuna. Ya dawo cin abinci ya same ta a tsaye tana buga goshinta da bango, gum, gum, tana cewa, "Jaka, 'yar banza, jaka." Goshin ya fashe, jini ya bi ta gefen hancinta. Ya riƙe ta ta baya, abin da bai kamata ba. Ta gantsara masa cizo a tsintsiyar hannu har haƙoranta suka haɗu, ta ƙwace ta koma bangon. Da ya rasa dabara sai ya sa tafin hannunsa tsakanin goshinta da siminti. Ta yi ta buga kanta a hannun, ƙasusuwan yatsunsa suna gurzar bango, yana cije leɓe, har ƙarfinta ya ƙare ta sulale ƙasa. Kwana da kwanaki bai iya riƙe abin walda ba.

Shi ma ba waliyyi ba ne. Akwai ranar da ya gaji, ya tambaye ta abu sau uku tana kallon bango, ya ɗauki filas ɗin shayi ya maka shi da ƙasa ya daka mata tsawa, ya ce shi ma mutum ne. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta tsince gilasan da hannunta, suna yanka ta, ba ta ko ji. Bayan nan ta yi kusan mako in ya yi magana sai ta ce "to" kawai, ta ajiye masa abinci ta ja da baya kamar 'yar aiki. Wannan ya fi masa almakashi ciwo.

Tana da tsohon ciki Baffa ya zo. Babu wanda ya san wa ya yi masa kwatancen gidan. Ya shigo gari ganin likitan ƙafa, ya ce bari ya biya ya ga 'yarsa. Matar ɗakin ƙasa ce ta ruga shago ta ce wa Tartsatsi wani tsoho ya hau wurinsu, kuma ta ji shiru irin wanda ba ta so.

Ya hau benen da gudu, ranar bai yi tari ba. Ya tarar da dattijo fari tas da furfura, cikin riga mai guga, ya hakimce a kujerarsa ya ɗora ƙafa kan teburin falo. Tela tana durƙushe a gabansa da cikinta, ta miƙa kofin ruwa da hannu biyu, ruwan yana zuba a ƙasa. Zanenta ya jiƙe, fitsari ya bi siminti har ƙofa.

Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Kai ne surukin namu? Sannu. Ka ga halin nata ko? Haka na yi fama da ita." Ya juya gare ta. "Ke, jaka, haka na koya miki ba da ruwa?" Ya miƙa hannu ya kama kunnenta ya murɗa, a hankali, kamar mai kunna rediyo.

Tartsatsi bai tuna ya tsallake teburin ba. Naushin farko ya samu tsohon a muƙamuƙi, aka ji ƙas, kujera ta kife da shi. Ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga shi ya haɗa fuskarsa da bango, ya sake haɗawa, farin fenti ya koma ja. Tsohon ya ɗaga hannu zai kare, Tartsatsi ya kama hannun, wanda ya murɗa kunnen, ya ɗora shi a bakin tebur ya taka. Ƙarar karyewar har tsakar gida aka ji ta. Ya ja shi da ƙafa ya fito da shi, kansa yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya, yana ihu yana kiran jama'a su cece shi. A ƙasa Tartsatsi ya fizgi rodin da ake tokare ƙofar gida da shi ya ɗaga sama. Maza huɗu ne suka rataya a jikinsa, ya watsar da biyu, mai gidan haya ya rungume rodin yana cewa, "Za ka yi kisa! Ka tuna cikin da ke sama!" Da ƙyar suka danne shi a ƙasa, bakinsa cike da ƙura, yana ta rantsuwa sai ya ƙarasa shi.

Ya yi kwanaki a tsare. Abin da ya fitar da shi Inna ce. Ta je asibitin da aka kwantar da Baffa ta tsaya a kansa a gaban 'ya'yansa, ta ce in ya kai ƙara kotu, za ta kawo Tela ta buɗe wa alƙali cinyarta da bayanta. Tsohon ya janye, ya koma garinsu da hannu a rataye.

Tartsatsi ya dawo gida ƙirji a buɗe, a ransa ya gama da ciwon matarsa. Ya yi tari, ya buga matakala, ya tura ƙofa. Tana ganinsa ta miƙe ta manne da bango, ta sa hannu ta kare cikinta.

"Tela, ni ne fa. Ya tafi. Ba zai ƙara zuwa ba."

"Na sani."

"To me ya faru?"

Ta ce, "Na ga fuskarka, Maigida. Lokacin da ka taka hannunsa. Irin tasa ce sak. Har jin daɗin."

Ya so ya ce don ita ya yi, amma ya san ya ji daɗin. Washegari Inna ta zo ta tafi da ita.

Zaman da ya yi shi kaɗai a ɗakin nan shi ne mafi muni a rayuwarsa. A layi ana ta jinjina masa, ana cewa ya yi maganin azzalumi, shi kuwa ko abinci ba ya iya haɗiya. Yayarsa ta ce ai ga shi nan, ka yi don mutum ya gudu ya bar ka. Ya ce, "Yaya, don Allah ki bar ni," kuma karon farko a rayuwarsa ya faɗi haka ba tare da ya ɗaga murya ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ke duba cikin Tela ce ta ga tabban jikinta, ta haɗa ta da wata likitar ƙwaƙwalwa. Likitar ta aika a kira mijin. Da farko ya ƙi, ya ce matarsa ba mahaukaciya ba ce. Inna ta ce, "Ba a ce ita ce ba. Kai ake kira." Ya je da kayan aikinsa a jiki, ya zauna a bakin kujera.

Likitar ba ta yi masa dogon turanci ba. Ta ce wanda aka shekara da shekaru ana dukansa tun yana ƙarami, jikinsa ba ya gane an daina, ko da kansa ya gane. Ta ce in abin ya taso mata kada ya riƙe ta, kada ya tsaya a kanta. Ya zauna a ƙasa inda za ta gan shi, hannuwansa a buɗe, ya faɗa mata inda take, ya sa ta lissafa abin da ke ɗakin, keke, labule, fanka. In ya ji zuciyarsa ta taso, ya ce zai fita ya dawo, kuma ya dawo ɗin.

Ya ce, "Likita, yaushe za ta warke?"

"Za ta samu sauƙi sosai in tana zuwa. Amma ba ƙarfe ba ce da za ka liƙe ka ce an gama. Kai kuma wa kake faɗa wa naka?"

Ya yi dariya ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ta dubi hannuwansa. Bayan mako biyu ya dawo da ƙafarsa, shi kaɗai.

Tela ta haihu a gidan Inna, mace. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya je ya zauna a bakin ƙofa, ba ya shiga sai an ce ya shiga. Wata rana ta miƙo masa jaririyar ta ce ya riƙe ta za ta yi wanka. Bayan wata guda ta ce wa Inna kekenta zai yi tsatsa, gara ta koma.

Rainon yarinyar ma sai da ya zo da nasa. Tana fara tafiya ta jawo yadin wani ta zuba masa mai. Tela ta ga hannunta a sama riƙe da silifa, ta saki ihu ta jefar, ta shige banɗaki tana marin fuskarta da hannu biyu. Tartsatsi ya ɗauki 'yar ya zauna a ƙasa a bakin banɗakin, ya ce, "Ba ki taɓa ta ba. Ga ta nan tana cin maɓallin rigata. Faɗa mini, wane launi ne bokitin da ke gabanki?" Sai wata siririyar murya ta ce, "Shuɗi." Haka suka yi ta yi, shekara bayan shekara. Faɗuwar ta riƙa yin nisa da juna, tashin kuma yana sauri. Da labarin mutuwar Baffa ya zo, ta ce ba za ta je ba, ta ci gaba da taka kekenta, amma ranar ɗinkin duk a karkace ya fito, sai da ta warware.

Yanzu Tartsatsi ya manyanta, 'yar tana makarantar koyon aikin jinya. Hasken walda ya ci masa ido, bara aka yi masa aiki a duka biyun. Ranar da za a duba shi, Tela ce ta riƙo hannunsa cikin cunkoson asibiti, idanunsa a naɗe da bandeji. Wani ƙato mai sauri ya bangaje shi har ya faɗi a gwiwa, ya kuma juyo yana zagi wai makafi sun cika hanya. Tartsatsi ya shiga lalube. Sai ya ji muryar matarsa a samansa, tana rawa amma da ƙarfi.

"Malam, dawo ka ɗaga shi. Kai ka ture shi. Dawo, na ce!"

Mutane suka tsaya. Ƙaton ya dawo yana ƙunƙuni ya ɗaga shi, ya ce a yi haƙuri. Tela ta kai mijinta kan benci ta zaunar, ta zauna kusa da shi, jikinta duk yana karkarwa, haƙoranta suna haɗuwa. Ya ji bencin yana motsi, ya buɗe tafin hannunsa ya ajiye a kan gwiwarsa, bai taɓa ta ba. Can ta ɗora nata a kai, sanyi ƙalau.

Ya ce, "Tela, mutumin nan babba ne?"

"Ya yi biyunka."

"Kai! Gara da ban gan shi ba."

Ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Aka leƙo daga ɗakin likita aka ce mai walda ya shigo, ta miƙe ta ja shi suka shiga.